KWANA SITTIN BA KA DIRO BA

Ya mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin sojojin laima suna saukowa daga jirgin sama ranar wani biki, ko kuwa ka ji labarinsu a bakin wanda ya gani. Su aikinsu ne, umarni aka ba su. Amma a Faransa da Amurka da waɗansu ƙasashe akwai mutane, maza da mata, ba sojoji ba, ba kuwa wanda ya tilasta musu, su kan tashi da sassafe ran Asabar su biya kuɗin guminsu domin a kai su sama su diro. Wasansu ke nan, kamar yadda wani ya ɗauki kokawa, wani sukuwa.

Ba yau aka fara ba. A ran 22 ga Oktoba 1797, a birnin Paris, wani Bafaranshe mai suna Garnerin ya hau sama cikin kwando a ƙarƙashin wani babban balan-balan, ya yanke igiya, ya sauko da laimar siliki. Laimar ta yi ta lilo da shi ƙwarai, amma ya iso ƙasa da ransa. A 1919 kuma, a jihar Ohio ta Amurka, wani saurayi, Leslie Irvin, ya fita daga jirgin sama da laimarsa a naɗe a bayansa, ya bari ya faɗi tukuna, sa'an nan ya ja mariƙi da hannunsa, laimar ta buɗe. Ya karye a idon ƙafa wajen sauka. Bai bar sha'anin ba saboda wannan, sai ma ya kafa ma'aikatar ɗinka laima, laimominsa kuwa suka ceci matuƙan jiragen sama masu yawa.

Ga yadda a ke yi yau. Ƙaramin jirgi ya kan kai su sama wajen mita 4000, a buɗe ƙofa, iska mai sanyi ta shigo da ƙara har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. In ya fita, sai ya kwanta rubda ciki a kan iska, ya shimfiɗa hannuwa da ƙafafu, yana faɗuwa da gudun kilomita wajen 200 a awa. Wannan faɗuwa ba ta kai minti ɗaya sosai ba. A hannunsa akwai wani abu kamar agogo mai nuna masa sauran nisan ƙasa. In ya rage mita dubu da 'yan kai sai ya buɗe laima, ƙarar ta ɗauke, ya sauko a hankali cikin minti huɗu ko biyar, yana juya laimar dama da hagu da igiyoyi biyu kamar mai riƙe da linzami.

To, masu dirowa iri biyu ne, a kansu kuwa na ke so mu tsaya.

Na fari shi ne baƙo. Tun wajen shekarun 1980 aka samo dabarar ɗaure mutum biyu ga laima ɗaya. Baƙo ya zo da safe, a yi masa bayani na 'yan mintoci, a ɗaure shi a ƙirjin gwani, su fita tare. Gwanin ne mai duba agogo, shi ne mai buɗe laima, shi ne mai saukar da su. Baƙon ya sauka yana rawar jiki don murna, ya rungumi kowa, a ɗauke shi hoto, ya rantse cewa ya sami abin da zai yi har tsufansa. Mafi yawansu ba a sāke ganinsu a filin. Hoton yana nan rataye a bango, in baƙi sun zo a nuna musu.

Na biyu shi ne wanda ya komo mako na gaba. Shi kam wahala ya saya. Za a zaunar da shi yini guda a ɗaki yana koyo kafin a bar shi ya taɓa jirgi. Dirarsa ta fari malamai biyu ne za su riƙe shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In bai yi daidai ba sai ya maimaita darasin, ya sāke biya. A Amurka sai ya cika dira 25 kafin ƙungiyar masu wasan ta ba shi takardar shaida ta fari, takarda ta ƙarshe kuwa sai ya kai 500. Kowace dira a kan rubuta ta cikin ɗan littafinsa, wani ya sa hannu. Tsakanin ta fari da ta 25 ɗin nan mutane da yawa su ke zubewa. Kuɗi ya ƙare. Ko ya yi tafiya mai nisa ya yini a filin yana kallon sama, hadari ko iska suka hana jirgi tashi, ya koma gida bai yi kome ba. Ko matarsa ta ce ba ta yarda ba. Ko kuwa tsoro, gama masu wasan da yawa su kan ce dira ta biyu da ta uku sun fi ta fari ban tsoro, don yanzu mutum ya san abin da ke bayan ƙofar.

Akwai wani tsoho a jihar Pennsylvania, Don Kellner, wanda ya yi dira fiye da 45,000 cikin shekara wajen 60. In ka lissafta, kamar biyu ke nan kowace rana ta Allah. Ya rasu a 2021, ciwo ne kuwa ya ɗauke shi, ba faɗuwa ba. Mutum ba ya kai wannan da murnar ranar fari. Ya kai ne da komowa, ran da ya ke so da ran da ba ya so.

Kada ka ce ina aikenka ka je ka diro daga jirgi. Kuɗin dira ɗaya ya isa ya ciyar da gida kwanaki, ni kuwa ƙafata ta fi son ƙasa. Abin da ya sa na kawo maka labarin nan, na san mutane iri biyun nan a cikin majami'unmu, wataƙila kai ma ka san su.

Ka tuna da ran da ka fara jin bishara ta shige ka? Wataƙila a babban taro ne, da waƙoƙi da fitilu, mai wa'azi ya yi kira, ka tashi ka fita gaba hawaye na zuba. Wataƙila a gadon asibiti ne, wani ya zauna kusa da kai ya yi maka addu'a cikin sunan Yesu Almasihu. Ba na cewa abin da ka ji ran nan ƙarya ne. Baƙon da aka ɗaure a ƙirjin gwani shi ma da gaske ya fita daga jirgi. Amma ran nan bangaskiyar waɗansu ce ta ɗauke ka, waƙarsu da addu'arsu. Da taro ya watse ka koma gida, kawunka ya daina amsa gaisuwarka, abokan cinikinka suka janye, damina ta zo aikin gona ya cinye Lahadi ɗaya, sa'an nan ta biyu. Yanzu Littafi Mai Tsarki yana cikin akwati ƙarƙashin tufafi, kamar hoton nan na bango.

Ubangiji Yesu ya san da wannan tun kafin a haife ka. A cikin Markus sura 4 ya ba da misalin mai shuka. Wani iri ya faɗa inda ƙasa ba zurfi, dutse na ƙarƙashi. Shi ne ma ya riga sauran tsirowa, wanda ya wuce ta gonar a makon fari zai ce nan ne albarka ta ke. Da rana ta yi zafi sai ya bushe, don ba shi da saiwa. Kowane manomi a ƙasar nan ya ga wannan da idonsa a kan fako. Yesu ya ce mutumin da ya karɓi magana da murna ke nan, amma da tsanani ya zo sai ya yi tuntuɓe.

Me masu zama cikin wasan laima su ke yi wanda baƙo ba ya yi? Yawancinsa a ƙasa a ke yinsa, ba mai kallo. Kowane mai dirowa yana ɗauke da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. In babbar ta buɗe a murɗe, daƙiƙu kaɗan gare shi ya ja mariƙi ɗaya ya rabu da ita, ya ja na biyu ya buɗe ɗayar. Lokacin tunani babu. Saboda haka su kan maimaita wannan motsi a ƙasa, su sāke taɓa mariƙan nan cikin jirgi kafin kowace dira, ko da mutum ya shekara goma bai taɓa bukatarsu ba, domin ranar da hankali ya tashi hannu ya san hanya da kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai bi wanda ba ya addu'a ran da lafiya lau, ba ya karatu ran da rumbu ke cike, ina zai sami bakin addu'a daren da ɗansa ke kwance da zazzaɓi, tsofaffin gida kuma suna cewa a kai shi wurin boka?

Ba kuwa mai yin wasan nan shi kaɗai. Kafin a shiga jirgi, wani ya kan duba maka bayanka, inda idonka ba ya kaiwa, ko ƙusar da ke riƙe da jakar laima tana zaune daidai. Gwani ma ya kan juya baya ƙaramin ɗalibi ya duba shi, ba ya jin kunya. Laimar ko-ta-kwana kuwa a Amurka doka ta ce kowane kwana 180 sai wani mai takardar wannan aiki ya buɗe ta, ya bincika, ya sāke naɗewa, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Kai da ka ce za ka bi Yesu a zuciyarka, ba sai ka je taron masu bi ba, wa ke duba maka bayanka?

Akwai wani haɗari kuma na waɗanda suka daɗe. Da yawa cikin waɗanda suka hallaka a wasan nan a shekarun baya-bayan nan, laimarsu ta buɗe lafiya ƙalau. Gwanaye ne, suka sayi ƙaramar laima mai gudu, suka juya ta kusa da ƙasa don su sauka da ƙwarewa a gaban jama'a, ƙasa ta riga su. Tun 1991 kuma akwai wata 'yar na'ura da wani Bajamushe, Helmut Cloth, ya ƙera bayan abokinsa ya mutu a dira. In mutum ya suma, ya iso mita 225 daga ƙasa yana faɗuwa bai buɗe kome ba, ita za ta yanke igiya ta buɗe masa laimar ko-ta-kwana. Ta ceci rayuka da yawa. Amma ba malamin kirki da zai ce wa ɗalibinsa ya naɗe hannu ya jira ta. Ka tuna Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce masa ya diro, ai mala'iku za su tare shi, har ya jawo Nassi ya kafa hujja. Yesu ya ƙi, gama wannan gwada Allah ne. Alherin Allah ya kan tare mu inda ba mu cancanta ba, ni shaida ne. Mai cewa bari in ci gaba da zunubina tun da akwai gafara, shawarar Iblis ya ɗauka.

A nan misalin ya gaza, dole in faɗa. Laima aikin hannun mutum ce, ta kan yage, shi ya sa a ke ɗaukar biyu. Mai Ceto ɗaya ne, bai kuwa taɓa sakin wanda ya dogara gare shi ba. Ya mutu a kan gicciye saboda zunubanka, ya tashi a rana ta uku. Addu'arka da zuwanka sujada ba su ne ke riƙe da kai ba, kamar yadda ƙwarewar mai dirowa ba ita ce ke tare iska ba. Amma su ne ke sa hannunka ya zauna a kan mariƙi.

Yanzu ga ƙa'idar da ta sa na rubuta maka takardar nan. A wurin ƙungiyar Amurka, mai takardar fari in ya yi kwana 60 bai diro ba, ba ya zuwa kawai ya hau jirgi. Sai ya koma wurin malami, a sāke bi da shi ta kan darussan haɗari, ya yi dira ɗaya malamin na lura da shi. Ko mai dira 500 ne, in ya yi wata shida, haka zai yi. Ka lura, ba a yage takardarsa, ba a share abin da ke rubuce cikin littafinsa, ba a kore shi daga filin. Abu ɗaya a ke nema gare shi, ya zo ya faɗi gaskiya cewa ya daɗe.

Manzo Bulus ya yi abokan aiki biyu da suka bar shi. Ɗaya Dimas, wanda ƙaunar duniyan nan ta janye shi ya tafi Tasalonika, ba mu kuwa sāke jin labarinsa ba. Ɗayan Yahaya Markus, saurayi, ya fita tare da Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari, da suka kai ƙasar Bamfiliya sai ya juya ya koma Urushalima. Abin ya yi wa Bulus zafi har ya ƙi a sāke tafiya da shi, suka rabu da Barnaba a kan wannan. Barnaba ya ɗauki saurayin ya tafi da shi tsibirin Kubrus, ya riƙe shi kamar malamin nan mai dira tare da wanda ya daɗe. Shekaru suka wuce. Bulus ya tsufa, yana kurkuku yana jiran mutuwa, ya rubuta wa Timoti wasiƙarsa ta biyu. A sura 4, inda ya ambaci tafiyar Dimas, nan da nan ya roƙi a zo masa da Markus, don yana da amfani gare shi. Bisharar da na ambata maka ɗazu, mai misalin iri a kan dutse, sunan wannan Markus ta ke ɗauke da shi.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, kwana nawa ke nan? Sittin, ko shekara shida? Na san abin da ke hana ka, kunyar idon mutane ce, da tunanin abin da za su ce in sun gan ka a bakin ƙofa. Kada ka jira Lahadi. Ka ciro Littafin daga akwati yau, ka karanta Markus sura 4, ka faɗa wa Ubangiji Yesu da bakinka inda ka tsaya da abin da ya tsai da kai. Sa'an nan da maraice, in an taso daga gona, ka nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ko mutumin nan da ya fara yi maka addu'a, ka yi sallama, ka ce masa, “Na daɗe, ina so in komo, ka zauna da ni.”