In Saɓani Ya Shiga Tsakanin 'Yan'uwa

Karatu: Filibiyawa 4:1-3

Ko akwai wani a ikkilisiyarku wanda ka daina gaisawa da shi? Wataƙila ka canja wurin zama a majami'a don kada ku haɗa ido. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mu. Amma yadda kake yi da ɗan'uwanka a lokacin saɓanin, wannan Ubangiji yana dubawa.

A ikkilisiyar Filibi akwai mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka sami saɓani har labarin ya kai wa Manzo Bulus a kurkuku. Ka lura da abin da ya yi. Ya roƙi kowacensu da sunanta, roƙo iri ɗaya, bai ce wannan ce mai gaskiya ba. Ya tuna wa ikkilisiya cewa matan nan sun yi fama tare da shi cikin aikin bishara, sunayensu kuma suna cikin littafin rai. Sa'an nan ya roƙi wani amintaccen abokin aikinsa ya taimake su. Bai kunyata su ba, bai kuma rufe ido kamar ba abin da ya faru ba.

Mu da muke zaune a Libreville muna da darasi kusa da mu. A shekara ta 1842 masu bishara daga Amurka suka buɗe mishan a Baraka. A 1961 ikkilisiyar da ta fito daga wannan aiki, wato Ikkilisiyar Bishara ta Gabon, ta sami 'yancin mulkin kanta. Bayan wajen shekara 10 sai rikicin shugabanci ya raba ta, rabuwar kuma ta wuce shekara 20 kafin ɓangarorin su koma su zauna tare. Ka yi tunanin yaran da aka haifa, suka yi girma har suka yi aure cikin faɗan da ba su san farkonsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙaramin abu ma yakan tsaga bango. A wata zumuntar addu'a a unguwar Cocotiers na ga dattawa biyu sun yi gardama a kan waƙa. Ɗaya ya ce a riƙa rerawa da Hausa kada yaranmu su manta harshen gida. Ɗayan ya ce yaran da aka haifa a nan Faransanci suke ji, in aka tilasta musu za su daina zuwa. Makonni suka wuce ba sa magana. Ranar da muka zauna, na roƙi kowannensu ya fara faɗin alheri ɗaya da ya sani game da ɗan'uwansa. Na farkon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Shi ne ya kwana da ni a asibiti lokacin da matata ba ta da lafiya.” Daga nan murya ta sauka. Sai suka gane dukansu biyu yaran suke ji wa tsoro. Har yau ra'ayinsu bai zama ɗaya ba, amma suna sujada a benci ɗaya.

To, kai fa? Kafin rana ta faɗi yau, ka je wurin ɗan'uwan nan, kai da shi kaɗai, yadda Yesu ya koya mana a Matiyu 18:15. Kada ka aika saƙo ta bakin wani. Ka fara da alherin da ka sani game da shi, ka kuma bar shi ya gama maganarsa kafin ka amsa. In abin ya fi ƙarfinku, ku nemi dattijo mai riƙon asiri ya zauna da ku. Mutumin nan da kake fushi da shi, Almasihu ya mutu dominsa.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini maganganun da na yi a bayan ɗan'uwana. Ka ba ni tawali'u in je wurinsa, ka sa kalmomin ƙarfafawa a bakina. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.