Carbin da ya faɗi

A daren ashirin da bakwai ga azumin bara, tsakanin tahajjud da sahur, na jingina da ginshiƙin masallacin unguwarmu ina jan carbi. Ban ankara ba sai ga wani dattijo da ke gefena yana miƙo min carbin, ya tsinto shi a kan tabarma. Ya ce, "Malam, sai ka sake alwala." Na ce, "Baba, ai ban yi barci ba." Ya yi murmushi ya ce, "To, wa ya yar da wannan?"

Har ga Allah ba ƙarya na yi masa ba. A nawa lissafin, ina kan istigfari ban yanke ba. Amma ga carbi a ƙasa, ban ji suɓucewarsa ba, ban ji faɗuwarsa ba.

Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya karanta Ishmawi ya san an kasa barci kashi huɗu: mai nauyi yana warware alwala, ko dogo ne ko gajere, gajere marar nauyi ba ya warwarewa, dogo marar nauyi kuwa an so a sabunta. Muna yara haddacewa kawai muka yi. Sai da na manyanta na lura da ma'aunin da malaman Malikiyya suka kafa na gane nauyin barci: abu ya faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ko miyau ya dalalo, ko a yi magana kusa da kai ba ka ji ba. Ba su ce a tambayi mai barcin ba. Sun san shaidarsa ba ta karɓuwa, domin lokacin da abin ya faru ba ya nan.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun iso wurin nan ta wata hanya. A 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Da irin na'urarsa aka gano cewa mutanen da aka tasa a farkon barci sau da yawa sukan dage cewa idonsu biyu, alhali zanen da ke kan takarda ya nuna sun fara tafiya. Na'urar dai carbi ce mai tsada. A 1953 kuma, a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka bayyana wani zango na barci da idanu ke kai-komo a ƙarƙashin fata, ƙwaƙwalwa na aiki kusan kamar ta farkakke, kuma a nan aka fi yin mafarki. Ashe gidan ba a rufe yake ba, ana ta hidima a ciki.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wannan "ni" ɗin. An ɗauke alƙalami daga kan mai barci har ya farka, wato shari'a ta ɗauke shi kamar wanda ba ya nan. Amma da gari ya waye, bashin jiya yana kansa, matarsa tana nan matarsa, sallar da ta wuce shi sai ya rama. Wa ya riƙe zaren a tsakani? Aya ta 42 a Suratuz Zumar ta ce Allah ne ke karɓar rayuka a cikin barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, ya saki sauran. Na'ura tana iya nuna min daƙiƙar da na tafi. Ban ga ta nuna inda aka ajiye ni ba, kuma ba na jin aikinta ne.

Na samu sauƙi da na tuna Bilal. A hanyar dawowa daga Khaibar an ba shi gadin asuba, ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci ya sace shi. Ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Da aka tambaye shi, ya ce abin da ya ɗauke Manzon Allah (SAW) shi ne ya ɗauke shi.

Ni dai na karɓi carbina, na ce, "Na gode, Baba," na nufi famfo. Ina wanke fuska ina ƙoƙarin tuna ƙwayar da na tsaya a kanta, har aka kira assalatu ban tuna ba.