Maganar Da Za Ta Rayu Bayanmu



Ranar 13 ga Yuli, 2025, Allah Ya yi wa tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari rasuwa a Landan. Tun kafin a kai shi makwancinsa a Daura, maganganunsa biyu sun cika bakin mutane. Ta farko ita ce wadda ya faɗa ranar rantsar da shi a 2015, cewa shi na kowa ne, kuma ba na kowa ba ne. Ta biyu kuwa a Jamus ya yi ta a 2016, da aka tambaye shi game da hirar da uwargidansa ta yi da BBC, ya ce ita wurinta kicin da falo da ɗaya ɗakin. Waccan a rubuce ya karanta ta, wannan kuwa amsa ce ta nan take, har kakakinsa ya ce raha ce. Amma ga shi dukkansu sun rayu bayansa.

To a nan tambaya take: adalci ne a auna rayuwar shekara 82 da jimla ɗaya? A ganina ba adalci ba ne. Manzon Allah (SAW) ya hana mu zagin matattu, domin sun riga sun iske abin da suka gabatar. Mamaci ba shi da bakin da zai ce ba haka nake nufi ba. Idan za mu ambaci maganarsa, mu ɗauki darasi, mu haɗa da addu'a, mu bar hukunci ga Allah.

Darasin da na fi ji a jikina shi ne, mutum ba ya zaɓen maganar da za a tuna shi da ita. Magana zarar bunu ce. Aya ta 18 a Suratu Ƙaf ta gaya mana duk abin da muka furta akwai mai tsaro da ke rubutawa.

'Yar'uwa, ke da ni ba mu da lasifika, amma muna da masu saurare da ba sa mantuwa. Ki kasa kunne a gidan makoki, za ki ji 'ya'ya na cewa, "Inna takan ce..." Wata "Allah Ya yi miki albarka" ta bari. Wata kuwa gorin da ta yi wa ɗan kishiya shekara ashirin da suka wuce ne ke masa yawo a zuci, yana karɓar gaisuwa yana kokawa da yafiya. Wallahi abin tsoro ne.

Tunda ba mu san wacce za ta rage ba, sai mu gyara ta yau da kullum: ta bakin murhu, ta lokacin fushi, ta bayan idon maigida. Wadda ta riga ta fita kuma, a nemi gafarar mai ita tun ana numfashi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa kalmar shahada ce ƙarshen maganarmu, amin.