Gwangwanin Tsohon Bakanike

Sanyin hunturu ya sauka Dogon Daji a watan Janairu, sai wani direban Golf mai lodin asuba zuwa Sakkwato ya fara shan mita daga fasinjoji. In mota na tsaye a tasha ana jiran cikon mutum ɗaya, hita na busa ɗumi har mata su sassauta mayafi. Da an hau kwalta kuwa, kafin a kai Shagari iskar ta huce, tsofaffi sun duƙunƙune, kowa na haɗa haƙora.

Wani yaron gareji ya saurari bayanin, ko bonet bai ɗaga ba ya yanke hukunci: ƙaramin lagireton hita da ke bayan dashbod ne ya toshe, sai an kwance gaban motar duka. Kuɗin da ya ambata ya sa direba ya yi shiru. Ya juya kan mota zuwa Tambuwal, wurin wani dattijon bakanike da ya koyi aiki tun zamanin Fijo 504.

"Baba, hita ce ta mutu."

"Wa ya yi mata salla?" in ji tsohon. "Yaushe take ɗumi, yaushe take sanyi?"

Direba ya faɗa. Tsohon ya tambayi inda allurar zafi ke tsayawa a kan hanya.

"Can ƙasa, Baba. Alhamdu lillahi, motar nan ba ta zafi ko kaɗan."

Tsohon ya yi murmushi, ya sa aka sha shayi har injin ya huce, domin murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi. Tururinsa ya sha saɓule fatar masu gaggawa. Ya duba ruwa, cike yake. Ya ce da ruwa ne ya yi ƙasa, ko iska ta shiga tiyo, da akasin haka za a gani: ɗumi in an taka mota, sanyi in an tsaya. Ya tada injin, ya dafa tiyo biyu da ke shiga bangon injin zuwa hita. Zafinsu ɗaya. Da toshewa ce, ɗaya zai ƙona hannu, ɗayan ya tsaya salaf. Sannan ya kama babban tiyon lagireto na sama, ya ji ya fara ɗumi tun injin bai yi nisa ba.

"Ɗana, ina tamostat ɗinka?"

Nan direba ya sosa ƙeya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, motar ta yi ta tafasa, aka ce masa wannan abu na ƙasar Turawa ne, ba shi da amfani a nan. Aka cire, aka ɗaure fanka kai tsaye. Haka ake yi wa motocin Beljiyam da dama da suka biyo ta Kwatano, har wasu na ɗauka gata ne.

Tsohon ya ce tamostat ƙofa ce. Tana rufe hanyar lagireto har ruwa ya kai tsakanin digiri 80 da 90, sannan ta buɗe. Hita ba ta da wutar kanta, zafin wannan ruwan take ara. In babu ƙofar, ruwa na zagayawa ba tsayawa, iskar hanya ta kwashe zafin kafin ya taru. Injin da ba ya kai zafinsa kuma ya fi shan mai.

"To tafasar da ta yi a bazara fa?"

Tsohon ya haska tocila cikin lagireto. Tsatsa ce da dattin ruwan rijiya a ciki, waje kuma ƙura da ciyayi sun liƙe ramukan. Ciwon na nan inda aka bar shi tun bara, yana jiran bazara mai zuwa.

Ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin benci, cike da tamostat da masu mota suka sa aka cire musu tsawon shekaru. Ya zaɓi na Golf, ya ɗaura masa waya, ya aiki yaro wurin mai shayi ya tsoma a tafasasshen ruwa. Tamostat ɗin ya buɗe baki, da ya huce ya rufe. Aka wanke lagireto, aka saka tamostat ɗin, aka mayar da fanka kan na'urarta, aka zuba kulan, aka fitar da iska.

Direba ya tambayi kuɗin tamostat.

"Biya wanki da kulan," in ji tsohon. "Wannan, mai shi kyauta ya bar mini, har da godiya."