Jikina Ba Ƙazanta Ba Ne

'Yan'uwana mata, ina 'yar shekara goma sha uku na fara ganin al'ada, a gidanmu na Safana. Da na gaya wa Inna ko kai ba ta ɗago ba, cewa ta yi, "To kin girma, namiji ya taɓa ko hannunki kin shiga uku." Iyakar karatun ke nan. A ɓoye nake wanke ƙyallena in shanya ƙarƙashin gado, ina tafiya a duƙe don kada a ga ƙirjina. Har na haifi biyu ina jin jikina tamkar wani laifi ne nake yawo da shi.

A Islamiyyar matan aure na fara warkewa. Da muka kai fasalin haila a Ahalari, Malama ta ba mu labarin Nana A'isha, wai tana cikin jini Manzon Allah (SAW) yake kishingiɗa a cinyarta yana karatun Alƙur'ani, ta sha ruwa ya karɓi ƙoƙon ya sa baki a inda ta sa nata. Wallahi ranar sai da na yi hawaye. Ashe hutun salla aka ba ni, ni kuma na ɗauka korata aka yi! Ban ga laifin Inna ba, ita ma haka aka yi mata.

Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa ɗiyar yayata ce. A 2020 'yan bindiga suka ɗauke ta daga wani ƙauyen Batsari suka shiga da ita dajin Rugu, sai da aka sayar da gona ta dawo. Masu zuwa jaje suna fita suna raɗa, "An ɓata ta." Dangin saurayinta suka aiko a mayar musu da kayansu. To ni dai ina tambaya, wa ya ɓaci, ita ko su mugayen? Addinin da ya ɗauke alhaki daga wanda aka tilasta, a ina muka samo wannan hukunci in ba a bakunanmu ba?

Na dafa ruwa na yi mata wanka da hannuna, na tsefe mata kai, na ƙunsa mata lalle. Tana kallon tafinta ta ce, "Inna ƙarama, Allah zai karɓi sallata?" Na ce, "Tashi ki yi alwala, ga tabarma, tare za mu yi."