Hukuncin Rancen Jari da Ƙananan Bankuna Ke Ba Wa Mata

TAMBAYA

Mu mata goma ne a unguwa ɗaya a nan Kano, sana'armu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Jarinmu bai taka kara ya karya ba, wata tiya biyar take saya, wata goma. Wani ƙaramin banki ya turo mana ma'aikaciyarsa, ta ce za su ba kowaccenmu naira 100,000 ba jingina, mu riƙa biyan 5,000 duk mako har mako 24. Za su riƙe 10,000 a ciki sai mun gama biya, akwai kuɗin fom, wadda ta makara akwai tara, kuma mu goman sai mun tsaya wa juna, wadda ta gaza sauran su biya mata. Cikinmu akwai zawarawa masu riƙon marayu, akwai wadda maigidanta ya daɗe ba aiki. Wasu sun ce tunda taimako ne kuma lalura ce, ba laifi. Mene ne hukunci? Ƙanwata ta riga ta karɓa a wata ƙungiyar, ya za ta yi? Sannan adashin da muke yi, shi ma an ce akwai magana a kansa.

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya tun kafin ki dangwala hannu, ya kuma sa albarka a neman da kuke yi.

Rancen da kika siffanta bai halatta ba. Kuɗi aka ba ki, aka sharɗanta ki mayar da kuɗi da ƙarin 20,000, kuma babu abin da ƙarin yake biya sai jiran da aka yi miki. Wannan shi ne kuɗin ruwa. Ayoyin Suratul Baƙara daga ta 275 zuwa ta 279 sun raba shi da ciniki, sun halatta ciniki sun haramta shi, suka bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa kawai. Hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim ya haɗa mai karɓar ruwan da mai bayarwa da marubuci da shaidu a la'ana ɗaya, don haka wanda aka ranta wa ba ya cewa laifin na banki ne shi kaɗai. Duk ɗalibin da ya karanci Risala a zaure ya san Ibn Abi Zaid ya hana rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Jidda a 1985, ta tabbatar da cewa ruwan banki yana cikin wannan hani, ɗan kaɗan ne ko mai yawa.

Maganar taimako kuwa, ban musa kyakkyawar niyyar wanda ya soma tsarin ba. Farfesa Muhammad Yunus ne a Bangaladesh, wanda a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra don ya raba su da masu bashin da ke tatsar su. Daga nan bankin Grameen ya fito a 1983, har aka ba shi da bankin lambar Nobel a 2006. Haɗa mata ƙungiya-ƙungiya, da biyan mako-mako, da yafe jingina, duk daga can aka kwaikwayo. Sai dai shari'a ƙullin cinikin take dubawa, kuma kyawun niyya ba ya halatta ƙulli ɓatacce.

Ki ma ɗauki biro ki yi lissafin da ma'aikaciyar ba ta yi muku ba. Za ta ce ruwan ashirin ne kawai bisa ɗari. Amma tun mako na farko kin soma mayar da uwar kuɗin, kafin a yi rabin tafiya rabin jarin ya koma musu, ruwan kuwa an ɗora shi a kan 100,000 cif kamar tana hannunki har ƙarshe. Idan aka auna da abin da ke hannunki a zahiri, ruwan ya haura tamanin bisa ɗari a shekara, in aka sa 10,000 da suka riƙe ya kai ɗari. Ga gyaɗa tana tashi da bazara, ga kuɗin itace, ga kuɗin markaɗe, ga masu ɗaukar mai su ce sai ran kasuwa. Ranar biya kuwa ba ta san yaro ya kwana da zazzaɓi ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, a 2010, matsin masu karɓar irin wannan bashi ya kai ga rahotannin mutane suna kashe kansu, har gwamnatin jihar ta kafa dokar taka wa kamfanonin burki.

Lalurar da ke buɗe ƙofar haram ita ce wadda mutum ke tsoron halaka a cikinta, yunwa ko ciwon da babu maganinsa sai da wannan kuɗi, kuma duk wata hanya ta toshe. A nan ma gwargwadon abin da zai tsira yake ɗauka. Ƙara jari daga tiya goma zuwa buhu buƙata ce ta gaskiya, ban raina ta ba, amma ba ta kai wannan matsayi ba, balle ga shi akwai wasu hanyoyin.

Sauran sharuɗɗan kowanne da hukuncinsa. Kuɗin fom ya halatta a rancen da babu ruwa a cikinsa, muddin bai wuce ainihin abin da aka kashe na takarda da ma'aikaci ba. Haka majalisar da na ambata ta zartar a Amman a 1986, ta ce abin da ya haura haka ruwa ne. Alamar da za ki gane: idan kuɗin hidimar yana ƙaruwa da yawan rancen ko da tsawon lokacin biya, to a yi shakkarsa, don rubuta fom na 200,000 bai fi na 50,000 wuya ba. Tarar makara ita ce ainihin abin da Larabawan jahiliyya ke yi, ka biya ko a ƙara maka, alhali aya ta 280 ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu.

Tsaya wa juna ne nake so ki natsu a kansa, don shi ne ke raba zumunci. Lamuni a asalinsa alheri ne. Amma Shehu Halilu a cikin Mukhtasar ya bayyana cewa lamuni yana ɓaci idan abin da aka lamunta ɓatacce ne, don haka tsaya wa bashin ruwa bai inganta ba tun daga tushe. Malikawa kuma suna ganin "tsaya mini in tsaya miki" a matsayin lamunin da aka biya lada a kansa, wanda suka hana, sai dai in mutanen abu ɗaya suka haɗu suka saya, ko rance ɗaya suka ɗauko tare. Akwai kuma abin da mata da yawa ba su sani ba: a mazhabarmu matar aure tana da cikakken iko ta saya ta sayar da dukiyarta ba tare da izinin kowa ba, amma kyauta ko lamunin da ya wuce sulusin dukiyarta, miji yana da damar warware shi. Matar da duk abin da ta mallaka bai wuce 60,000 ba, ta je ta tsaya wa bashin mata tara, ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ƙarshensa a ga maƙwabta tara a tsakar gidan bazawara suna fitar mata da katifa da kwanuka.

To ina mafita? Ku nemi kaya, ku bar neman tsabar kuɗi. Gyaɗa kuke buƙata. Ɗan kasuwan Dawanau da ke da buhuna a sito zai iya sayar muku da buhu bashi a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu, ku biya kaɗan-kaɗan. Wannan ciniki ne halal a wajen jumhurun malamai, majalisar fiƙihu ta tabbatar da shi a Jidda a 1990. Sharaɗin shi ne a tashi daga wurin an tsaya a kan farashi ɗaya da lokaci sananne, kuma ko an makara ba a ƙara ko sisi. Wata za ta ce, to ai shi ma ƙari ne. Bambancin shi ne mai gyaɗar ya mallake ta, da ta jiƙe ko ƙwari suka ci ta kafin ya miƙa muku shi ke da asara, kuma ribarsa ta tsaya tun ranar ciniki ba ta haihuwa. In kun haɗu ku goman kuka sayi buhunan tare da rabo daidai, a nan tsaya wa juna ya inganta.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna yin irin wannan da sunan murabaha. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, kuma Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa ruwa a 2017. Malaman zamani sun halatta murabaha da sharaɗin bankin ya sayi injin markaɗen ko keken ɗinkin ya karɓe shi kafin ya sayar miki. Ki sani magabatan Malikawa sun tsananta a kan wanda zai ce "sayo mini a goma in saya a wajenka sha biyu bashi", don gudun ya zama dabarar cin ruwa. Saboda haka a duba aikin, kada a tsaya ga allon da ke ƙofar banki. Idan kuɗi suka danƙa miki suka ce je ki sayo, an rubuta murabaha a takarda, to abin da aka gudu ne aka tarar.

Akwai hanyar da ta dace da sana'arku ƙwarai, wato salam. Mai tuwo-tuwo ko dillalin mai ya biya ku kuɗin jarka biyar yau, ku kawo masa man bayan mako uku. Ya samu rangwame, ku kun samu jari ba bashin banki. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina suna haka da dabino, ya bar su a kai, ya sharɗanta sanin awo da sanin lokaci. Ku faɗi girman jarkar da irin man da ranar kawowa. Wadda kuma take saye da sayarwa, kamar mai atamfa ko kayan miya, za ta iya karɓar jari a kan ƙiradi: a raba riba rabi da rabi ko yadda aka daidaita, in an faɗi ba da sakaci ba mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, ita ta yi asarar wahalarta. Abin da ke ɓata shi shi ne mai jarin ya ce ko an ci ko ba a ci ba a kawo masa 10,000 duk wata.

Adashinku ya halatta. Wasu malamai sun yi ɗari-ɗari da shi don kama da "ranta mini in ranta maka", amma kowacce abin da ta zuba shi take kwasa, babu mai cin guminta. Malamin Shafi'iyya Waliyyuddin al-Iraƙi ya halatta irinsa da matan zamaninsa ke yi duk Juma'a, kuma mafi yawan malaman yau a kan haka suke. Abin da uwar adashi ke ɗauka ladan aikinta ne in an amince da shi tun farko. Haramun ne dai wata ta ce a ba ta kwasar farko za ta bar wa sauran wani abu a kai. In kuma kuna tsoron faɗuwar darajar naira a rance tsakaninku, ku ranta wa juna gyaɗar kanta, tiya ashirin a mayar da tiya ashirin irinta.

Ƙanwarki ta tuba ga Allah, kada ta sake, kuma kada ta karɓi zagaye na biyu da za a zo mata da shi da zarar ta gama na farko. Ta nemi a bar ta ta biya uwar kuɗin da wuri a sauke mata ruwan. In sun ƙi, ta biya abin da aka tilasta mata ta fita, kada ta gudu ta bar wa 'yan ƙungiyarta nauyi. Abin da ta samu a sana'arta nata ne, abincin da ta ba 'ya'yanta da shi halal ne, kada kowa ya tsorata ta da wannan.

Batun wadda maigidanta ya daɗe ba aiki kuwa, ciyar da gida wajibin miji ne. Abin da mace ta kashe wa mijinta da 'ya'yanta sadaka ce, kuma an yi wa Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud albishir da lada biyu a kan haka, na zumunci da na sadaka. Amma maigidan da zai tura matarsa ta ciwo bashi da sunanta, ya karɓe ya yi wata hidimar, ya bar ta da ma'aikatan banki a ƙofar gida, ya ji tsoron Allah, wannan zalunci ne.

Ba zan ce wa mata su bar bashin ruwa sannan in yi shiru a kan masu hali ba, don rowarsu ce ta tura ku can. Zakkar attajiri ɗaya in ya damƙa wa mata goma jari, ta fi layin da ake tara mutane a rana ana raba musu dubu ɗai-ɗai. Zakka mallakawa ake yi, ba a cewa a dawo da ita. Imamu Malik kuma ya halatta hubusin tsabar kuɗi don a riƙa ranta wa mabuƙata suna mayarwa, wani ya ɗauka. A Fakistan, Dakta Amjad Saqib ya kafa Akhuwat a 2001, tana ba da rance ba ruwa, galibi a masallatai ake rabawa. Jihohin Kano da Sakkwato suna da hukumomin zakka da hubusi. Ku rubuta sunayenku da abin da kowacce ke buƙata, ku kai wa limamin unguwarku da mai unguwa, su shige muku gaba wajen hukumar da wajen masu dukiyar unguwa. Duk bashin da kuka ƙulla kuma, na gyaɗa ne ko na mai, ku rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta koyar, ko da tsakanin ya da ƙanwa ne.

Wallahu a'alam.