Shin Ɗalibi Musulmi Zai Iya Karanta Ilmin Inshora A Jami'a?

 

Ya 'yan'uwa, ga wata matsala da kowane uba zai iya karo da ita, ko a unguwar Kusugu yake cikin birnin Daura, ko a ƙauyukan masarautar. Yaro ya tafi jami'a yana karanta lissafin kuɗi ko harkar sufuri, sai ya zaɓi ilmin inshora ya zama ƙaramin fanni da zai haɗa da babban fanninsa. Uban kuwa ya taɓa jin malamai sun ce inshora haramun ce. To, ya hana shi, ko ya sa masa albarka?

Tsoron uban yana da tushe. A inshorar kasuwanci mutum yakan biya kuɗi kowace shekara, bai sani ba ko zai karɓi wani abu, bai kuma san nawa zai karɓa ba. Wannan shi ne garari, watau cinikin abin da babu tabbas a cikinsa, yana kuma kama da caca. Bugu da ƙari, kamfanonin sukan juya kuɗin jama'a ta hanyar kuɗin ruwa. Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta haramta irin wannan inshora, ta halatta ta taimakon juna. Akwai kuma waɗanda suka saɓa, kamar Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda ya ga halaccinta, amma mafi yawan malamai suna kan hani.

Sai dai fa sanin abu daban, aikata shi daban. Alƙali yakan san dabarun ɓarayi, likita yakan san guba, ba kuwa wanda ya tuhume su. Sahabi Huzaifa ɗan Yamani ya kasance yana tambayar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sharri, don gudun kada ya auka masa. Haka kuma Ibnu Abidin, babban malamin Hanafiyya wanda ya rasu a 1836, bai yi hukunci a kan inshorar jiragen ruwa ba sai da ya bayyana yadda fatake suke ƙulla ta. Hukunci a kan abu ba ya inganta sai an san siffarsa.

Kuma ko mun so ko mun ƙi, inshora tana cikin rayuwarmu. Tun da daɗewa doka ta wajabta wa mai mota a Nijeriya ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a hanya. A 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Direba nawa ne, daga Daura zuwa Kongolam, yake biya kowace shekara, yana zaton takarda ce kawai ta nuna wa 'yan sanda, bai san akwai hakkin da za a biya idan tsautsayi ya faɗa ba? Ga shi kuma an kafa Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, alhali harkar sufuri, ta mota ko ta jirgi, ba ta tafiya sai da inshora.

Mutanen Daura sun fi kowa sanin labarin rijiyar Kusugu, yadda macijiya ta hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe ta. Ruwan halas ne, ƙishirwa kuma gaskiya ce, abin da ke cikin rijiyar ne ya zama cikas. Haka inshora take. Bukatar da ke ƙarƙashinta, watau jama'a su tallafi wanda asara ta same shi, Musulunci ya riga ya yarda da ita. Dangi sukan haɗu su biya diyyar kisan kuskure. Annabi ya yabi Ash'ariyawa domin idan guzurinsu ya ƙaranta sukan tara shi wuri ɗaya su raba daidai. Mu ma muna da gayya da gudummawa. Amma duk wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ta babbar kasuwar Katsina a 2021, ya san gudummawar 'yan'uwa kaɗai ba ta iya tayar da kasuwa.

Cire macijiyar shi ne aikin takaful. A nan mahalarta sukan ba da kuɗinsu kyauta cikin asusu ɗaya na taimakon juna, kamfani ya zama wakili mai karɓar ladan aikinsa, a juya kuɗin ta hanyar halas, abin da ya yi saura kuma mahalarta suna da rabo a ciki. An fara wannan a Sudan cikin 1979, Maleshiya ta yi masa doka a 1984, a Nijeriya kuwa NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. To, wa zai lissafa abin da kowa zai zuba don kada asusun ya karye? Lalle sai wanda ya karanta ilmin inshora. Idan muka hana 'ya'yanmu, mun bar rijiyar a hannun wasu ke nan. Abin da al'umma ba ta iya wadatuwa ga barinsa kuwa, koyonsa farali ne na kifaya.

Wani zai ce: wanda ya koyi sana'a ai da ita zai ci abinci, kamfanonin takaful kuma kaɗan ne. Wannan magana tana da nauyi, don haka akwai sharuɗɗa. Ɗalibi ya gyara niyyarsa. Ya haɗa karatun da babin ciniki na fiƙihu a gaban malami, ko da Risala ce a zaure lokacin hutu, don kada abin da ya saba ji a aji ya zame masa halas saboda sabo. Ranar da ya gama kuma, ya sani karɓar aiki wata tambaya ce sabuwa, wadda zai kai wa malamai kafin ya sa hannu.

Saboda haka, ya kai uba, kada ka hana shi. Ka tambaye shi abin da yake nufin yi da ilmin, sa'an nan ka sa masa albarka. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga cin haram, amin.